Shekarar da Na Zuba Duwatsu a Rumbu

Ni ɗan kamasho ne a tashar Damagaram, ko in ce na kasance, don yanzu maƙogwaro ya gaji. Yara ke kiran fasinja, ni ina kan benci ina gyara musu ƙarya. Lakwal, wato makarantar boko, na shige ta, ita ce dai ba ta shige ni ba. Malaminmu, da muke ce wa mushe, ya ce kaina rariya ne, abin da aka zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye. Ban ji haushi ba, don mutumin bai yi min ƙazafi ba. Ɗan abin da na sani a tasha na tsince shi, shi ne mutum ba ya shiga mota don sha'awar mota. Wani abu ne ke ɗaga shi daga gidansa, kuma yawanci abin nan tiyar gero ce.

Gidanmu ma haka aka yi ta ɗaga shi. Kakanmu baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, yana ɗinka wa fatake masu raƙuma jakunkuna da kayan tafiyar hamada. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka juya kudu, ayari ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Babu wanda ya kawo wa kakanmu yaƙi, babu wanda ya zage shi, jirgin ma bai taɓa ganinsa da ido ba har ya mutu. Amma jirgin ne ya ɗauke shi daga Birni ya ajiye shi a wani ƙauye wajen Zermu da hauya a hannu. Ubanmu ya ci zamanin gyaɗa, ya yi rigar saƙi, ya sayi keke, sannan gyaɗa ta faɗi ta bar shi da keken. Ni na gudo birni, yayana ya zauna a gonar da kakanmu ya sare.

A ƙauyen nan kowane gida yana da rumbu biyu. Akwai ƙarami, na cin yau da kullum. Akwai babba, na damina, wanda ba a buɗewa sai shuka ta matso, don masu noma su samu abin riƙe ciki. Rumbunan na zana ne, a kan ƙafafun itace, da jinka a kai, an jera su a bayan gari saboda gobara. Babban rumbu mai gida kaɗai ke leƙa shi. Mace ba ta leƙawa. Ɗa ba ya leƙawa ubansa na raye, don kamar ya fara lissafin gado ne. In mai gida ya kasa, sai a nemo ƙanensa, ko da ƙanen nan irina ne.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya ɗauke da wuri a daminar da ta wuce, kuma tun kaka manyan motoci suka yi ta zuwa daga kudu suna kwashe hatsi. Wasu sun ce can ma fari ya taɓa su, wasu sun ce kaji ake ciyarwa da shi. Ni dai na ga buhuna suna wucewa ta gabana. Kafin bazara ta yi nisa, mai awo a kasuwa ya daina faɗin kuɗin tiya da ƙarfi, sai ya raɗa maka kamar zai gaya maka rasuwa.

Cikin haka aka aiko min cewa sa ya tunkuyi yaya ya karya masa ƙafa, in zo in buɗe rumbu.

Matar yaya na fara tararwa a tsakar gida. Tun tana amarya muke wasa da ita, kamar yadda ƙanen miji ke yi.

"Ga mijin ranar salla," in ji ta. "Me ka kawo min, ko bakin ne kawai kamar kullum?"

"Bakin nan a birni biya ake yi a ji shi. Ke kyauta kike samu."

"Shi ya sa ba ya ƙosarwa."

Ta yi dariya, amma na ga wuyanta ya zama kamar na zabuwa.

'Ya'yan yaya maza biyu, magidanta ne da matansu, ba su daɗe da dawowa daga ci-rani ba. Suna ce min Baba ƙarami. Babban ya gaishe ni ya ce, "Gara da ka zo. Ƙaramin rumbu ya ƙare. Mun gaya wa tsoho, in akwai abinci mu zauna mu yi noma, in babu mu kama hanyar Agadas tun da sauran ƙarfi." Bai faɗa da rashin kunya ba, lissafi ne kawai. Ni kuma na san sauran lissafin. In su biyun nan suka tafi, babu mai noma, sai a ba da gonar jingina ga wani alhajin birni, kuma ban taɓa ganin gonar da ta shiga hannun nan ta dawo ba.

Yaya yana kwance a ɗaki, maɗori ya ɗaure ƙafar da kara. Na ce masa, "Kai ma dai, duk abokan faɗan duniya ka rasa sai sa?" Ya kama hannuna ya ce, "Je ka buɗe. Abin da ka gani, kai da Allah."

Na tashi na nufi bayan gari.

Yaran suka ɗaga jinka da gwafa suka tokare ta, suka jingina tsani, sannan suka ja da baya suka juya fuska, kamar yadda ake yi. Na hau. Daga sama na ga zangarniyar gero shimfiɗe har kusa da baki, manya-manya, masu kyau. Na ce alhamdu lillahi, tsoron banza na ji. Na zura ƙafa, sai ta nutse har gwiwa, na ji ƙarar kara busasshe. Na sa hannu na tona. Kara. Na ƙara tonawa har kafaɗa. Kara ne har ƙasa. Geron da ke sama kaurinsa bai fi damtse ba, kuma da na duba shi da kyau na gane shi. Zaɓaɓɓe ne, irin shuka ne.

Na tsaya a ciki gumi na bin bayana. Daga inda nake ina hangen sauran rumbunan gari a jere, kowanne da jinkarsa a kai kamar dattawa a wurin ɗaurin aure. Ban san nawa ne cikinsu irin namu ba.

"Baba ƙarami, yaya?" Muryar babban ce daga ƙasa.

Na yi shekara da shekaru ina rantse wa fasinja cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi alhali ko direba bai zo ba. Ban taɓa jin ƙarya ta yi min nauyi a harshe ba sai ranar.

"Sai kun gaji da ci," na ce. Na haɗa dami biyu na jefo musu.

Da na koma ɗaki na sauke labule, yaya ya gaya min yana kallon rufi. A farkon kaka, da motocin nan suka zo, sun ba da kuɗin da bai taɓa jin an sayi gero da shi ba. Sai ya yi dabarar da ubanmu ya sha yi a zamaninsa. Ya sayar da tsohon geron da tsada, da nufin in kowa ya gama girbi kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ya sayo fiye da abin da ya fitar. Kafin nan ya sayi sa da raguna ya ajiye kuɗin a jikinsu, don kuɗi ba ya kwana a aljihun manomi.

"Tun muna yara gero ke faɗuwa bayan kaka," in ji shi. "Ka taɓa ganin bai faɗi ba?"

Ban taɓa gani ba. Shekarar nan ce ya ƙi. Geron ya yi ta hawa, dabba kuma ta yi ta sauka, don kowa ya kai tasa kasuwa yana neman hatsi.

"Babu wanda ya gan ka kana fitarwa?"

"Maza sun gani. Ni ma na gan su suna fitar da nasu."

Na ce zan riƙa kawo hatsi daga birni da abin da na samu a tasha, mu sayar da san da ragunan mu ƙara, har a samu a yi shuka. Sai da na faɗa na tuna inda gizo ke saƙa. Rumbu zangarniya yake ajiyewa, kasuwa kuwa tsaba take sayarwa. In tsaba ta shigo gida a buhu, ko jariri ya san ba daga rumbu ta fito ba. Dole sai da mai sussuka, wato matar yaya.

Na same ta a bayan ɗaki ita kaɗai da damin nan biyu a gabanta, ba ta taɓa su ba. Na fara kewaye-kewaye, ina ce mata amaryata, ina yabon zanenta.

"Bar wahalar da kanka," in ji ta. "Wannan iri ne. Wanda ya ci iri ya ci baɗi. Zan ɓoye shi a tulu."

"Wa ya gaya miki?"

"Hanyar rijiya ta gefen rumbuna ta bi. Tururuwa ta daina zuwa ƙarƙashin namu tun sanyi. Ban leƙa ba, ban kuwa taɓa leƙawa ba, amma ba a hana ni kallon ƙasa ba." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Duk macen da ke garin nan ta sani. Ku ne kuke ɓoye wa junanku."

"Matan yaran fa?"

"Wace ce ke son mijinta ya shiga hamada?"

Haka muka shirya. Nakan je birni in yi kwanaki ina ihu a tasha, in sayo abin da ya samu, in shigo da shi a buhun dusa a ce na dabbobi ne. Da safe in je rumbu ni kaɗai, in ɗaga gefen jinka, in fito da dami a nannaɗe cikin tsohuwar tabarma, ciki kara, bakinsa 'yan zangarniya suna leƙe. In ratsa gari da shi a ka ina gaisawa da kowa. Matar yaya da surukanta su zuba tsohon ƙaiƙayi a turmi su yi ta bugu, yaran suna ji daga zaure. Damin nan ɗaya ya yi zirga-zirga fiye da motar Mirya. Har yau in na ji sussuka da safe sai na kasa kunne in ji ko turmin da wani abu a ciki, don sautin ba ɗaya ba ne, kuma kullum ina jiran ranar da yaran za su lura.

San na kai shi kasuwar Mirya da kaina. Ban taɓa ganin dabbobi da yawa haka ba, kuma babu mai taya su. Dillali ya zagaya shi ya faɗi abin da za a bayar, na ce masa ba kaho kaɗai nake sayarwa ba, har da san. Ya ce in dawo kasuwa mai zuwa in ji ƙasa da haka. Na sallama. Hatsin da na samu da kuɗin, jaki ɗaya ya ɗauke shi bai yi nishi ba. Daga baya rediyona ta bi, sannan babbar rigata ta salla, wadda dama aro ta fi yi fiye da sawa.

A tasha kuwa aiki ya buɗe. Mutanen Guna, na Dakusa, na wajenmu, da tabarmi da tukwane da yara masu jan gashi. Ni ke kiran su, Kano, Kano, Agadas, saura mutum ɗaya, kuma a lokacin gaskiya nake faɗi, mota ba ta jimawa. Da kamashon gudunsu nake sayen geron da zai hana namu gudu. Wata rana na tura wani dattijo cikin mota, ya juyo sai na ga maƙwabcin yaya ne na gabas. Bai gaishe ni ba, ni ma na yi kamar ina duba taya. A hanyar komawa ƙauye na ga mata sun duƙa suna tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da ta tara. Na sauke kai na wuce.

Ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya taso da yamma, ya yi baƙi, ya watse. Kunu ya yi ta tsinkewa, tuwo ya koma sau ɗaya, rabinsa ganye.

Wata rana babban ya same ni a gindin bishiyar bedi ya zauna. Ya ce, "Baba ƙarami, in rumbu cike yake, me ya sa nake ganin fuskata a cikin kunu?"

"Tsohuwarku marowaciya ce. Allah ne ya so ni yaya ya riga ni, da ni na aure ta da tuni kun yi min sadakar uku."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Abokina ya ce akwai motar da za ta tashi daga Agadas bayan kasuwa biyu. Na ɗaure jakata." Ya tsinki ciyawa yana murzawa. "Ban ce ka yi ƙarya ba."

"To ka faɗa mana, ka huta."

"Ba a haife ni in faɗa ba."

Ranar ce wani sabon tsoro ya same ni. Iska ta ɗan taso, na ga rumbunmu yana rawa a kan ƙafafunsa. Rumbun da ke cike ba ya rawa. Ruwan farko kuwa a ƙasarmu ba ya zuwa sai da guguwa a gabansa. Wato abin da muke roƙo dare da rana, shi ne zai tona mu.

Abin da Allah ya hore wa wajen Zermu ba ya ƙarewa shi ne dutse. Na ari jaki, da tsakar rana lokacin da ko kare ba ya fita, na riƙa ɗebo duwatsu ina hawa tsani da su ɗaya-ɗaya, ina tona kara ina jera su a ƙasan rumbu. Bayana bai yafe min ba har yau. Ina cikin haka na juya na ga wani tsoho, mai rumbu na kusa da namu, yana tsaye yana kallona da dutse a kafaɗa.

"Sannu da aiki," in ji shi.

"Yawwa. Ɓeraye nake kashewa."

"Sun yi yawa bana."

Kashegari da rana na gan shi da nasa jakin. Muka wuce juna, kowa ya kalli gabansa.

Guguwar ta zo da la'asar. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, awaki suka shiga kuka. Duk gari ya fito bakin zaure ana kallon bayan gari, ba wanda ya ce da wani ga abin da yake kallo. Jinkar farko ta tashi. Rumbun ya kwanta, ya mirgina, ya fashe, kara ya watse a iska. Sai na biyu. Sai wani can ƙarshe. Mai shi yana tsaye kusa da ni da 'ya'yansa a bayansa, ban iya duban fuskarsa ba. Namu ya sunkuya, na ji ƙafar itacen tana ƙara, na karanto duk abin da na sani na addu'a, da yake ba shi da yawa na maimaita. Babban yana gefena, ba ni yake kallo ba, rumbun yake kallo. Rumbun ya sunkuya, ya miƙe, ya sake sunkuyawa, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, iska ta kwanta, rumbu na tsaye. Na tsohon nan ma na tsaye.

Da gari ya waye matar yaya ta fito da tulu. Yaran suka ɗauki sungumi, mata suka bi su suna jefa iri suna takewa. Jakar babban ta koma ƙarƙashin gado. Gidajen da rumbunansu suka fashe, cikin mako guda rabinsu sun bi ta tashata.

Ba zan ce daga nan an huta ba. Noman farko da maimai an yi su da kunu da ganyen tafasa, na ga ƙaramin ya faɗi a kan kunyar gona ya tashi ya ci gaba. Kullum ina jiran a ce ruwa ya ɗauke, ko fara ta sauka, ko wani ya kwanta. Ranar da aka gasa tumun farko, matar yaya ta miƙo min nawa ta ce, "Karɓi, mijin wahala. Ka samu ƙarin girma." Na karɓa, na kasa ci.

Da kaka aka zo zuba sabon gero, dole a share rumbu. Yaya ya fito da sanda, ƙafar ta ɗore a karkace. Na ɗaga riga zan hau, sai ya ce, "Bari. Shi zai hau." Ya nuna babban. Kowa ya san abin da hakan ke nufi, an ba shi gida.

Ya hau ya shiga. Sai kara ya fara fitowa, runguma bayan runguma. Sannan dutse ya faɗo, tim. Wani ya biyo. Yana jefowa, ƙanensa yana jerawa gefe, yaya yana kallon sandarsa. Da ya gama ya leƙo ta saman zana ya ce, "Baba ƙarami, wannan wane iri ne? Ban taɓa ganin an shuka shi ba."

"Irin birni ne. Yana jure fari."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Miƙo dami."

An cika rumbun, ba har baki ba, amma da gero. Gona ba ta tafi jingina ba, tana hannun ƙaramin har yanzu. Babban kuwa, bayan an gama komai ya ba ƙanensa tsani, ya zo tasha da jakar nan tasa. Ni na nemo masa wuri kusa da taga a motar Agadas, ban karɓi kamasho ba, abin da ya ba direba mamaki har ya tambaya ko ba ni da lafiya. Kafin su tashi ya leƙo ya ce, "In na aiko, a sayi gero a zuba. Kada a sayi sa, kada a jira ya faɗi. Kuma ka ce wa ƙanena ya bar matarsa ta riƙa leƙawa."

Yana aikowa, wata shekara da yawa, wata shekara shiru, mu yi ta sauraron kowace mota da ta fito arewa. Duwatsun suna nan a gindin rumbu, an tokare ƙafafunsa da su. In na je ƙauye, kafin in shiga gida in yi gaisuwa, sai na bi ta hanyar rijiya na duƙa na duba ƙasa. Yara sun ɗauka tsufa ne ya sa nake neman abin da ban yar ba. Bara na tarar da tururuwa a jere tana aikinta. Bana motocin kudu sun fara zuwa tun gero bai gama bushewa ba, kuma ban je ba tukuna.